Shafin Ƙarshe na Mai Gadin Fitila

Wendell Kovach ya iso otal ɗin tun kafin a buɗe zauren, amma har hantsi yana zaune cikin motarsa, hannu biyu a kan sitiyari, yana bitar abin da zai faɗa. Ya haddace gaisuwa, ya haddace amsa, har wurin da ya kamata ya yi murmushi ya tanada. A ciki ana taron masu tara tsofaffin zanen littattafan labari na yara, wanda ake yi duk shekara a birnin Toledo na Amurka. Wendell ya haura hamsin, ya kwashe rabin rayuwarsa a wannan harka, amma bai taɓa taka ƙafarsa irin wannan taro ba. Komai ta gidan waya yake saye.

Mutanen nan ba littafin da aka buga ne ya dame su ba. Ainihin kwalin da mai zane ya zana da hannunsa suke nema, mai tawada da sawun fensir, wanda a da kamfanoni ke zubarwa a shara, yau kuma manya masu furfura ke yin gaba a kansa. Wendell labari ɗaya tak yake bi, na wani mai gadin fitilar da ke kan hasumiya tana haska wa jiragen ruwa hanya, wanda ya sauko gari don ya gargaɗi mutane cewa guguwa na tafe. Shafukan sun watse a hannun mutane, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya haɗa, saura na ƙarshe. Wannan yana hannun wata mata, Loretta Haskins, ita kuwa ta ce ba ta rabuwa da shi sai ga wanda ta gani ido da ido.

Aka ƙwanƙwasa gilashin motar. Otis ne, abokinsa ɗaya tilo a harkar, da kofi a hannu da sukarin donat a gemu.

"Kai, mutumina, a nan za ka yi ritaya? Fito mana. Matar nan ba ta cizo."

"Na shirya."

"Tun bara kake cewa ka shirya. Ka dai tuna abin da na gaya maka, balan-balan ɗin shafin duk sun ɓanɓare. In ta tambaye ka, ka nuna mata kai ɗan hannu ne, ba ɗan koyo ba."

Balan-balan su ne 'yan da'irorin da ake rubuta maganar mutanen cikin zane. A wancan zamani akan rubuta su a takarda dabam a manna da gam, gam ɗin kuwa in ya tsufa sai ya saki. Duk mai tara zane ya san maganin wannan: a kai wa mai gyara ya kwafo kalmomin daga littafin da aka buga, ya manna sababbi. Wendell har ya yi magana da mai gyaran.

Zauren ya tarbe shi da abin da yake tsoro. Fitilun sama suna wani ƙugi da shi kaɗai yake ji, muryoyi sun cakuɗe, kowa yana dariya da ƙarfi kamar an biya shi. Ya kafa idonsa a dugadugan takalmin Otis yana binsa. Likita ya ba abin suna, otizim, lalurar da ke sa hayaniya da hulɗa da mutane su yi wa mutum nauyi, amma sai bayan da Wendell ya yi furfura. A makarantar firamare sunansa kawai yaron nan mara kunya da ba ya kallon mutane.

A aji huɗu ne ya fara karanta labarin mai gadin fitila, a ɓoye ƙarƙashin teburinsa. Yana gab da juya shafin ƙarshe malamarsu Misis Tillery ta fizge littafin. Ta tsayar da shi a gaban aji, ta riƙe haɓarsa, ta ce ya dube ta cikin ido ya faɗa wa kowa abin da ya fi darasinta daɗi. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta ce, "Muna jiranka, Wendell," amma ba ta jira ba, yara suka fashe da dariya, ta yaga littafin ta jefa a kwando. Da ya girma ya sayi littafin, ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da ya kai wannan wuri sai ya ji yatsun matar a haɓarsa, sai ya rufe.

Teburin Loretta yana can kusurwa. Dattijuwa ce siririya, da rigar sanyi mai ruwan toka. Otis ya gabatar da su, ya ja da baya yana kurɓar kofinsa.

"Kai ne mai sauran shafukan," in ji ta.

"Ni ne, Misis Haskins. Na ji daɗin haɗuwa da ke. Ina fata kin zo lafiya." Ya yi murmushin a inda ya tanada.

Ta buɗe babbar jakar zanen, ta juyo da ita gare shi. Wendell bai dubi shafin ba, gefen tebur ya tsura wa ido.

"Ka ga babu magana ko ɗaya a jikinsa," ta ce. "In ya zama naka, me za ka yi?"

Amsar tana nan a shirye, ta fito sumul. Ya ce yana da ƙwararren mai gyara, za a samo takarda mai launin ta da, a kwaikwayi rubutun, a manna da gam marar lahani, babu wanda zai gane an taɓa shi. Otis yana ta gyaɗa kai, don ko shi ba zai faɗa fiye da haka ba.

Loretta ta rufe jakar a hankali.

"Haka duk kuke cewa. Na gode da zuwa, Mista Kovach."

Wannan ba ya cikin abin da ya haddace. Otis ya taɓa gwiwar hannunsa ya ce, "Zo mu je, mutumina," amma Wendell bai gusa daga wurin ba. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Yatsunsa suka fara kaɗawa a gefen cinyarsa, jikinsa yana rangaji gaba da baya, ya san ana kallonsa daga teburin kusa. Kunya ta rufe shi, irin ta ranar nan, ba ta ragu ko kaɗan ba. Yana jira a ce masa ya ɗago kai ya yi magana.

Ba a ce ba. Loretta ta ɗaga wa Otis hannu alamar ya yi shiru, ta mai da idonta kan jakar, ta zauna. Wani mai saye ya tsaya zai yi tambaya, ta girgiza masa kai ya wuce. An daɗe a haka, har kofin Otis ya huce.

"Ban taɓa karanta shi ba," in ji Wendell. "Ƙarshen. Malama ta ƙwace. Ta yaga. Ban san abin da mai gadin fitila ya ce wa mutanen gari ba."

Otis ya saki baki. Shekara da shekaru suna hira a kan labarin nan, bai taɓa sani ba.

Loretta ta sake buɗe jakar. Wannan karon Wendell ya duba. Ga mai gadin fitila a tsakiyar kasuwa, rigarsa a jiƙe, hularsa a hannu, bakinsa a buɗe. Sama da kansa babu komai sai tabon gam ruwan ƙasa. Mutanen gari sun kewaye shi, masunta da mata da yara, duk sun juyo gare shi. Wendell ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana neman mai dariya, bai samu ba.

"Suna jiransa," ya ce.

"Shafin na ƙanena ne, Alvin," in ji Loretta, har yanzu ba ta dube shi ba. "Ya rasu bara. Yakan jingina shi a bango ya wuni yana kallo. Na sha ce masa mu kai a gyara, sai ya rungume abinsa. Bai taɓa gaya mini dalili ba. Shi ma magana ba ta zo masa da sauƙi."

Ta zaro shafin, ta miƙa masa. Ya karɓa ta gefe da gefe kamar yadda ake yi. Maganar ciniki ta ce a bar wa Otis, tunda shi bakinsa ba ya gajiya. Otis kuwa yana ta goge ido da takardar donat.

"Ina da littafin a mota," ta ce. "In kana so in gaya maka abin da mai gadin fitila ya faɗa."

Wendell ya daɗe yana kallon tabon gam ɗin.

"A'a," ya ce. "A ƙyale shi. In ya shirya zai faɗa."