Kirya Don Kabarin Hindatu

Hindatu matar Lawwali ta rasu bayan sallar asuba, wata Talata cikin bazara, bayan jinyar da ta cinye rabin jarin mijinta. Ni maƙwabcinsa ne a gida, rumfata kuma tana jikin tasa a layin 'yan itace na Illela, don haka ina cikin waɗanda suka fara isa. Na same shi tsaye a zaure da takalmi ƙafa ɗaya. Bai yi kuka ba. Duk wanda ya ce masa Allah Ya jiƙanta sai ya ce amin, da muryar da yake amsa wa mai tambayar kuɗin ɗaurin itace.

Ana cikin haka aka aiko daga maƙabarta cewa an fara haƙa, amma itacen rufi ya ƙare, sai ɗanyun rassan bedi, wato darbejiya, da aka sassaro jiya. Idan an kwantar da mamaci, itace ake jerawa a gicciye bisa ƙaramin ramin, a toshe kafofin da laka, sannan a tura ƙasa. Itacen nan shi ke hana ƙasa ta danne mutum. Bedi damina ɗaya yake yi gara ta gama da shi, kirya kuwa sai ta yi shekara da shekaru tana nan kamar ƙarfe. Lawwali ya ga kabarin mahaifiyarsa ya rufta bayan ruwan farko saboda bedi, ya kuma faɗa mini wannan labari har na haddace shi.

"A'a," in ji shi. "Ba bedi ba. Kirya za a sa mata."

Na ce, "Lawwali, ina kiryar take garin ga? Ko ni da kai rabonmu da ita tun kahin azumi."

Ya nemo ɗayan takalmin ya sa, ya fita.

Na san inda ya nufa. Akwai gingimari ɗaya da ta kwana biyu a bakin kasuwa, shaƙe da gumaguman kirya da marke, an ɗaure ta tamau da igiya. Wani direba Hamidu ne ya kawo ta daga dazukan kudu, inda yanzu ba kowa ke shiga ya fito ba. Kuɗin gas, da na masu sara, da abin da ake miƙawa a kowane shinge, duk an ɗora su a kan itacen, har kuɗin mota ɗaya ya kai na mota biyu a bara. Mun taya mun taya, ana ce mana albarka. Ga kuma wani mai gidan burodi daga Ƙonni, can tsallaken iyaka, yana zagaya ta da kuɗinsu sefa a aljihu, ita kuwa sefa ba ta jin kunyar naira.

Ƙa'idar cinikinmu ita ce mota ɗungurungum ake saye. Ba a kwance igiya, ba a sauke ko gungume ɗaya, sai mai kaya ya ce ya sallama. Wata ƙa'idar kuma, wadda ba mai faɗa amma kowa da ita ya tashi, ita ce ba ka bari mai kaya ya gane kana da matsuwa.

Abin da ya faru a bakin motar ba a gabana aka yi ba, domin duk 'yan layinmu muna gidan rasuwa. Hamidu ne ya ba ni labari daga baya, yana yi yana dafe kai. Ya ce Lawwali ya zo ya yi sallama, ya tambayi gajiya da hanya, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa gumaguman da bayan yatsa don ya ji busassu ne. Har cewa ya yi marken ya yi yawa. Sannan ya taya, ƙasa da abin da ya taya jiya.

Ga shi Hamidu ba shi ne mai kayan ba. Kowane tayi sai ya kira ubangidansa a waya, shi kuma yana wani ƙauye inda sai an hau tudu ake samun sabis. A kira ba ta shiga, a jira, a sake kira. In ta shiga a ce albarka. Lawwali ya ƙara kaɗan, a sake jira. Yana tsugune a inuwar taya yana zane a ƙasa da tsinke.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kalma ɗaya ce fa. Da ya buɗe baki ya ce matata ce ta rasu, gungume kaɗan nake so na kabari, Hamidu ya rantse mini cewa da wuƙa zai yanke igiyar, ya ɗauka da kansa ya kai, ubangida ya yi abin da zai yi. Amma mutumin da ya shekara ashirin yana ɓoye buƙatarsa a gaban mai kaya, ranar da kansa ya ɗauke sai jikinsa ya ci gaba da yin abin da ya saba.

Mu kuma a gida an yi wanka, an yi sutura, an fito da makara. Rana ta fara dukan mutane. Mukhtar yayan Hindatu, wanda ya taso daga Sakkwato tun da aka buga masa waya, ya ce in kira mijin. Na kira.

"Ga ni nan tahe," in ji Lawwali. "Ku ɗan jira."

Muka jira. Tsofaffi suka koma gindin bango suna fifita da hula. Na sake kira, ya ce saura kaɗan. Na ce masa, "Mi kaka yi haka? Ka baro motar ga ka taho!" Ya ce to, da wata irin murya shiru, kamar na ce ya miƙo mini buta. A kira na gaba wayar na ta ringin ba a ɗauka ba, ashe lokacin mutumin Ƙonni ya iso ya sa baki a cinikin.

Liman ya dubi rana ya dubi makara, ya ce ba a ajiye gawa cikin wannan zafi, hakkinta ne a gaggauta. Mukhtar ne waliyyinta, ya ce a yi. Ban ga laifinsu ba. Aka yi salla, muka ɗauka.

Lawwali ya sayi motar. Ya haura tayin mutumin Ƙonni, ya haɗa da babur ɗinsa da ragowar jarin da jinya ta bari, aka ce an sallama. Ya hau da kansa ya kwance igiya, ya zaɓi miƙaƙƙun kirya, ya sa aka yanka su daidai faɗin kabari. Sai da ya ɗora su a amalanken jaki sannan ya ce wa Hamidu na matarsa ne.

Lokacin da ya iso maƙabarta mutane sun watse. Ni kaɗai na tsaya, da Baba Jabir mai haƙa, yana wanke ƙafafunsa da ragowar ruwan kwaɓa laka. Lawwali ya tsayar da jakin. Gumi ya jiƙe masa riga, ɓawon itace duk a wuyansa.

"Baba, ga iccen," ya ce.

Baba Jabir ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya taso ya shafa gungume ɗaya, ya jinjina nauyinsa.

"Kirya ta, ta gaske," in ji tsohon. "Amma ɗana, an rufe. Bedin nan munka sa. Ba a tonewa, kai ma ka sani."

"Na sani."

"Sai dai a aje ma wani. Akwai wanda za a kawo bayan la'asar."

Lawwali ya ce to. Ya shiga sauke gumaguman ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a gindin katanga, manya a ƙasa ƙanana a sama, yadda yake jera kaya a rumfarsa. Na kama masa, bai hana ni ba, bai kuma dube ni ba. Da muka gama ya karkaɗe hannuwansa, ya juya wajen sababbin kaburbura. Guda biyu ne a jere, duka ƙasarsu ba ta bushe ba, domin an rufe wani tsoho da sassafe.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada Baba Jabir ya ji.

"Wanne na nata?"