Ka Sha Ruwa, Kombo?

Ƙarfe huɗu saura kwata waya ta yi ƙara a rumfar Mama Kanta, ran sha tara ga watan azumi. Kombo yana bakin kasko yana tsame bajiya, wani irin ƙosai, sai ya ga matar ta dafa teburi da hannu ɗaya tana ta amsawa da yarensu. Da ta ajiye ta ce masa Bipin ne, ɗan Lalji Kaka. Tsohon ya buɗe baki ya nemi abinci.

Kwana biyar ke nan Lalji bai sa komai a cikinsa ba in ba ruwan ɗumi ba. Ba azumi yake yi ba. Abincin ne ya fita masa a rai tun da ciwon suga ya ƙarasa masa idanu. Likita ya riga ya gaya wa iyalin, in aka kai gobe ƙarfe goma bai ci ba, za a ɗauke shi zuwa asibiti a zura masa roba ta hanci. Shi kuma tsohon ya ce ranar da aka fitar da shi daga ɗakinsa aka sa masa robar nan, su fara neman itacen ƙona shi. Duk wanda ya san Lalji ya san ba ya faɗin magana don ta yi daɗi a kunne.

Yau sai ga shi ya ce kiciri yake so, wato faten shinkafa da wake, da miyar kadi ta kindirmo, kuma na hannun Kombo. Ba na matar ɗansa ba, ba na gidan abincin nan mai gilashi da ke bakin teku ba.

Shekara ashirin da bakwai Kombo yana girki a wannan rumfa ta bayan kasuwar Marikiti a Mombasa, inda nama ko ƙwai bai taɓa ƙetare ƙofa ba. Shekarun nan duk, Lalji mai shagon yadi na tsallaken lungu bai fasa zuwa ƙarfe biyar da rabi ya zauna a bencin ƙarshe ba. Talata dokla, wato alkubus na garin wake, Alhamis bajiyar ɗanyar ayaba, sauran ranaku kiciri mai laushi da man shanu a kai. Mutanensu masu addinin Jain ba sa cin abin da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, ba dankali, ba albasa, ba tafarnuwa, kuma rana tana faɗuwa sun rufe baki, ko ruwa ba sa sha sai ta sake fitowa. Saboda irinsu Mama Kanta ta ware tukwane da ludayi, ta ɗaura musu jan zare a mariƙi.

In watan azumi ya zo wasa ya samu. Tsohon zai suɗe yatsu, ya ture faranti, ya ce wa Kombo, "Shehe, ni na rufe shago, saura kai ka buɗe naka." Kombo ya ce masa ai akuya ma haka take yi, ta yini tana cin ganye, magariba ta koma turke. Da ido ya fara yin rauni, Lalji ya daina yarda da agogo, wai kowane agogon Mombasa da nasa addinin. Sai dai ya tambayi Kombo ko rana tana nan. Kombo ya leƙa bangon benen da ke ƙarshen lungu ya faɗa masa abin da ya gani. Sau biyu ya taɓa ce masa ta tafi, sau biyun tsohon ya ajiye lomar da ya ɗauka ya tafi gida da yunwa, bai yi fushi ba.

Kombo ya dubi agogon rumfa. Rana za ta faɗi shida da minti ashirin da biyar. Gidan Lalji yana unguwar Nyali, ƙetaren gada. Lokaci ya isa in aka yi sauri.

Ya tace ruwa da ƙyalle, ya wanke shinkafa da koren wake, ya aza. Ya tafasa kindirmo tukuna kafin ya bari garin wake ya taɓa shi, kamar yadda tsohon ya koya masa da faɗa tun yana sabon shiga. Busasshiyar citta, kanumfari biyu, kirfa ɗan ɓallen. Gishiri kuwa da hannu ya auna, tun da ba halin ɗanɗanawa.

To, yammacin azumi a bayan Marikiti ba lokacin natsuwa ba ne. Masu sayen kayan buɗa baki sun cika gaban rumfa, wannan na miƙo kwano, wancan na kiran sunansa. Wata mata ta ce a zuba mata miyar dankali. Ya zuba, ya juya, kicirin ya fara kamu a gindi, ya tsoma ludayin da ke hannunsa ya motsa. Sai da ya ga ɗan guntun albasa yana yawo a saman tukunya sannan ya dubi mariƙin. Ba jan zare.

Mama Kanta ta gani. Ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce ya tsame guntun kawai, makaho ne, marar lafiya ne, Ubangijinsa ma ba zai tsaya bin diddigin albasa guda ba. Ita tana cin dankalinta, abin bai dame ta can ba. Kombo ya sauke tukunyar. Ya juye kicirin a tukunyar kowa da kowa, ya kankare ta Lalji da toka, ya sake tace ruwa.

"Taurin kanka zai kashe mutum yau," in ji ta.

Biyar da minti goma a lokacin. Sai shida saura kwata ya rufe kwanon nan mai hawa uku, ya ƙulle shi a ƙyalle, ya faɗa tuktuk mai ƙafa uku.

Har bakin gada abin ya tafi daidai. Daga nan komai ya tsaya cik. Duk mai gida a unguwannin Kisauni da Bamburi yana son ladan ya same shi a kan tabarmarsa, motoci sun cushe har ba masakar keke. Mai tuktuk ya kashe inji, ya fara ba shi labarin ƙwallo. Kombo ya waiga. Rana tana bayansa, ta yi ja, ta sauko kusa da kan itatuwan gaɓa. Ya sauka.

Mutum ne mai shekara hamsin da shida, da gwiwa ɗaya mai ciwo, tun asuba bai ga ruwa ba, ya yini a bakin wuta. Ba gudu ya yi ba, ba kuma tafiya ba. Ya rungume kwanon a ƙirji don kada kadin ya zube, zafinsa na ratsa riga. Inuwarsa tana gabansa tana ƙara tsawo, shi kuma yana ta lissafin tukunyar farko: da yanzu yana can, da yanzu tsohon ya kai loma ta biyar. Yana cikin wannan lissafi inuwar ta dushe, ta haɗe da kwalta. Ya shiga kwanar layinsu Lalji ke nan ladanin farko ya ɗaga murya, na biyu ya karɓa daga can nesa. Akwai dabino uku a aljihunsa. Hannuwansa biyu suna kan kwano, bai ko tuna da su ba.

Bipin yana tsaye a bakin ƙofa, ba takalmi. Babban mutum ne, lauya, mai furfura a gefen kai, amma yau idonsa ya kumbura kamar na yaro. Ya ja Kombo gefe ya yi masa bayani da sauri. Tun ƙarfe biyar sun rufe tagogi, sun kunna na'urar sanyaya ɗaki, sun sa masa waƙoƙin ibadarsu a rediyo, ba abin da zai ji daga waje. Shekaranjiya sun gwada ce masa biyar ce alhali bakwai ta yi, ya gane, tun daga nan ba ya yarda da kowa a gidan. Kombo kaɗai zai tambaya.

Kombo ya ce shi bai iya wannan ba.

"Ka sha ruwa?" in ji Bipin.

"Ban sha ba."

"To, kada ka sha. Ka san yadda yake tambayarka a watan nan. In ya tambaya, gaskiya za ka faɗa masa, ba wanda ya ce ka yi ƙarya." Ya kama masa hannun riga. "Minti bakwai ne, Kombo. Minti bakwai za su kashe mini uba?"

Kombo ya auna zancen a ransa. Maganar ta hau, ba inda ta karkace. Kuma wa ya jawo mintin bakwan nan in ba shi da ludayinsa ba? Ya cire takalmi ya bi shi.

Ɗakin sanyi ƙalau, fitila a kunne. An jingina Lalji da matasai uku. Mutumin da a da yake cika bencin ƙarshe shi kaɗai, yanzu kamar an ajiye tsumma a kan gado. Amma hancin yana nan. Tun kafin a buɗe kwano ya juyo da fuska.

"Shehe ne? Na ji kanumfari. Biyu ka sa ko uku?"

"Biyu, Kaka. Ina kwana, ina gajiya, ba gaisuwa sai kanumfari?"

"Wa zai gaishe da mai cin kifi." Ya yi ɗan tari. "Ka daɗe."

Kombo ya ce hanya ce ta cushe. Bipin ya zuba kicirin a faranti, ya kwarara kadin a gefe, ya ɗora a kan cinyar uban. Tururi ya tashi. Kombo ya ga maƙogwaron tsohon ya motsa. Yunwa ce ta gaske ta zo masa, irin wadda in ta wuce ba lalle ta dawo ba. Lalji ya lalubi bakin faranti da yatsu, ya tsaya.

"Ka sha ruwa, Kombo?"

Kombo ya ɗaga kai. Bipin yana kallonsa.

"Ban sha ba, Kaka."

Tsohon ya gyaɗa kai. Bai ƙara tambaya ba, abin da ya fi damun Kombo ke nan. Ya karanta 'yar addu'arsa a ciki, ya cusa yatsu a kicirin, ya gauraya da kadin a hankali yadda ya saba, ya dunƙula 'yar loma. Hannun ya taso. Shekara hamsin da wani abu hannun nan bai taɓa zuwa baki a irin wannan lokaci ba, kuma mai shi bai sani ba.

"Amma an kira salla," in ji Kombo. "Tun ina kwanar layi."

Lomar ta tsaya a hanya. Lalji ya mai da ita faranti, ya miƙa hannu a goge masa.

Bipin ya juya ya fuskanci bango. Da ya waiwayo bai ɗaga murya ba, ya dai ce wa Kombo gobe in motar asibiti ta zo, ya zo ya kama ƙafa ɗaya, tun da aikinsa ne. Uban ya ce ya yi shiru, ya kashe rediyon nan da ya ishe shi tun biyar, ya buɗe taga, ya kawo wa baƙo ruwa. Wane irin gida ne za a tsai da mai azumi da ƙishirwa bayan lokacinsa ya yi?

Haka Kombo ya zauna a ƙasa gefen gado, ya ci dabino ɗaya, ya sha ruwa, aka tura masa sauran kicirin da ke cikin kwano. Tsohon yana saurare, yana tambaya ko waken ya narke, ko kadin ya yi tsami yadda ya kamata. Kombo ya ce ya yi. Ya kuma faɗa masa zancen ludayi da albasa, don ya san dalilin latti.

"Jaki," in ji Lalji. Ya rufe idon da ba ya gani. Ya ce kwanannen abinci ba ya shiga bakinsa, kuma kada a dafa masa a cikin duhu. In Kombo yana da niyya ya zo da sabo da safe. In ya tarar da shi, to.

Bipin bai raka shi ƙofa ba.

Gari na wayewa Kombo yana bakin rumfa, ya riga Mama Kanta. Bai kunna wuta ba sai da hasken rana ya taɓa bangon benen ƙarshen lungu. Sauran ludayan duk ya kwashe ya kulle a akwati, ya bar mai jan zare shi kaɗai. Waya ta yi ƙara sau ɗaya, ya ɗauka da sauri, ashe mai kawo kindirmo ne.

Takwas da 'yan mintoci ya shiga layin. Tun daga nesa yake leƙen bakin ƙofa. Ya san gidajen nan: in abin ya faru da dare, takalma za su cika barandar, mata cikin fararen kaya za su yi ta shiga. Ya rage sauri, ya ƙara, ya sake ragewa. Takalma ƙafa uku ne, sai silifas ɗin mai aiki.

Bipin ne ya buɗe. Bai gaishe shi ba, ya dai matsa masa hanya. A ɗaki taga a buɗe take, hankaki na ta surutu a kan mangwaro. Tsohon ya fi jiya laushi, sai da aka tallafo kansa.

"Rana ta fito?"

"Ta fito har ta hau katanga, Kaka."

Wannan karon hannun ya kasa, Kombo ne ya ba shi da cokali. Na farko ya daɗe a baki kafin ya wuce. Ya karɓi na biyu, na uku, na huɗu. A na biyar ya kau da kai. Bipin ya ƙirga da ido, ya fita baranda da waya yana gardama da likita ko cokali huɗu abinci ne.

Lalji ya lashi leɓe.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji shi. "Ka riƙe cokalin nan, ban ce ka ajiye ba."