Maraƙin da Ya Sha Lemun Wasila

"To saniyar wa ce?" in ji Kubura mai nono. Ta ɗaga kofin har ya kusa taɓa hancin surukata. "Ban ce ki rantse ba, Wasila. Sunan mai saniyar kawai nika so."

"Gwaggo, na gaya miki babu nono ciki. Lemu ne da aya da ayaba."

"Aya. Wadda anka tatsa da safe ko ta marece?"

Ni ina bisa tabarmata gindin dalbejiya ina ɓarar gujiya, ban sa baki ba tukuna. Bari in gaya muku mafarin abin.

Kubura Bafillata ce, rugarsu na bayan Tsarnawa. Tun ina amarya a gidan ga na Konni take kawo muna nono. Nonon dai kamar na kowa ne. Bakinta ne ba a samu wurin kowa. Kafin ta iso ƙofarmu ta shiga rabin gidajen gari, kuma ba ta barin gida sai ta ɗauko labarinsa. Ni ko gwiwoyina sun daina kai ni biki da suna. In Kubura ta bar zuwa, na kurumce ke nan, sai dai in rungumi rediyo, shi kuwa bai san kowa ba a unguwarmu.

Sai ga autana Junaidu, mai jan mota tsakanin Konni da Tawa, cikinsa ya soma ƙugi kamar ana daka a ciki. Lokotoro ya hana shi nono da madara da duk danginsu. Matarsa Wasila ta ga wani haɗi cikin wayarta, ta sa ya sawo mata injin markaɗe daga ƙetaren iyaka. Sai ta jiƙa aya ta markaɗe ta tace, ta ɓare lemu ta cire 'ya'yan da farin zaren nan mai ɗaci, ta jefa ayabar da ta daskare a firigo, da dabino kaɗan. Abin ya fito da kauri, kumfa a sama, launinsa tsakanin fari da ruwan ɗorawa. Duk gida anka koma kansa. Ƙwaryar nonon da muka saba karɓa ta koma 'yan ludayin furata ni kaɗai. Kubura ta lura. Ran nan ta tarad da kofi a hannun Wasila, yarinya don ladabi ta miƙa mata, ta kurɓa, rigima ta tashi.

Ta sake kurɓa, ta rufe ido, ta juya shi a baki.

"Jar saniya ce. Tsohuwa. Wajen Malbaza take kiwo, ina jin ƙurar siminti a ƙarshen harshena. Na ma san mai ita. Mubaraka ce, mai tafiya kamar agwagwa. Tsahara, da ranki da lafiyarki anka shigo da nonon Mubaraka gidan ga?"

"Ni ban ga Mubaraka ba," na ce, "amma ina yawan gyangyaɗi."

Wasila ta yi mini wani kallo. Na ci gaba da ɓarar gujiyata.

"Gwaggo, zauna in haɗa shi gabanki," in ji ta.

Kubura ta zauna bakin madafa. Sai da ta bincike ayar nan ɗaya bayan ɗaya, ta matsa lemun ta shinshina, ta ƙwanƙwasa ayabar da ludayi. Wasila ta zuba, ta danna. Injin ya yi kuka, abin ya fito fari-fari da kumfa. Kubura ta lakata da yatsa.

"Gindin nan mai nauyi, mi ke ciki?"

"Injin ne, Gwaggo."

"Nan take ɓoye shi."

Daidai nan Junaidu ya shigo cin abincin rana. Bawan Allah ko takalmi bai cire ba anka miƙa mishi turnabis, abin kwance kusa. Ya kwance gindin injin, ya nuna mata. Wayoyi ne ciki da wani busasshen kyankyaso. Kubura ta leƙa, ta bi wayar da ido har bango inda anka soke ta.

"Wagga igiyar ina ta nufa?"

"Kuran take kawowa, Gwaggo, wutar lantarki," in ji Junaidu.

"Daga ina?"

"Daga nesa. Har daga Najeriya ma shina zuwa."

"Can kuwa akwai shanu," in ji ta, ta gyaɗa kai. "Ashe har da na ƙasar waje kuke sha. Ni da nika takowa da ƙafa, ga masu aikowa ta igiya."

Ta soma naɗa gammonta. Nan hankalina ya tashi, don na san in ta fita da wannan fushin ba ta dawowa.

"Dakata, ƙawa," na ce. "Mu duka muna da baki cikin maganar ga. A kawo wanda ba shi da dangi a gidan. Ba ke kika ce mini maraƙinki ko ruwa bai yarda ya sha ba, sai nono? A kawo shi. In ya sha, nono ne, mun ci amanarki. In ya ƙi, ki zauna mu yi hira."

Lissafina shi ne babu maraƙin da zai sha lemu. Zai kau da kai, Kubura ta huce, a koma yadda ake. Kuma gaskiya ina son in ga maraƙi bisa kabu-kabu.

Anka kira Chindo mai kabu-kabu ya tafi da ita. Kafin la'asar sai ga su, Chindo a gaba, Kubura a baya, maraƙi a tsakiya kwance bisa cinyarta shina kallon gari kamar baƙon da ya zo neman takarda a buro, ofishin gwamnati. Matan maƙwabta duk sun hau katanga. Junaidu ya maida gindin injin, Wasila ta sake haɗawa, ta zuba cikin roba ta ajiye tsakar gida.

Maraƙi ya sauka, ƙafafunsa na rawa. Ya shinshina robar. Ya yi atishawa. Na ce a raina alhamdu lillahi. Sai ya tsoma baki, bai ɗago ba sai da ya ga gindin roba. Ya lashe gefe, ya lashe kumfar hancinsa, ya juya robar ya duba ƙarƙashinta.

"To," in ji Kubura, ta dubi matan katanga. "Kun gani da idonku. Dabba ba ta karɓar cin hanci."

Wasila ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. "Gwaggo, wallahi aya ce."

Kubura ta ja igiyar maraƙinta za ta wuce. Ya ƙi motsi. Ta sake ja, ya fizge, ya nufi madafa kai tsaye. Ya sa kai ƙarƙashin teburin da injin yake, ya soma tunkuɗarsa daga ƙasa yadda suke yi wa hantsar uwarsu, wutsiya na kaɗawa. Junaidu ya rungume injin. Maraƙi ya bi shi shina kuka, sunka zagaya dalbejiya, sunka zagaya randa.

"Yunwa ce," in ji Kubura. "Bari ya ga na gidansu."

Ta buɗe ƙwaryarta, ta kamfato nono cike da ludayi, ta kai mishi baki tana kiransa da Fillanci. Ya shinshina. Ya dube ta. Ya kau da kai, ya koma wurin Junaidu.

Katanga ta yi tsit. Ko Chindo, da ke tsaye shina jiran a sallame shi, ya sunkuyar da kai. Da na yi shiru a nan, da wataƙila an rarrashe ta. Na danne bakina da gefen zane, na danne, amma abin ya fi ƙarfina.

"Halama ya gane ruwan rijiyar Tsarnawa a ciki," na ce.

Matan katanga sunka fashe da dariya, wata har ta zame ta faɗa gidansu.

Kubura ta rufe ƙwarya da faifai, ta ɗora gammo, ta ɗauka ba tare da ta nemi a aza mata ba.

"Ƙawa, wasa nika yi," na ce. "Zauna. Daga gobe ƙwarya guda za ki riƙa kawowa, ni kaɗai zan shanye, ko da zan kwana a bayan gida."

"Ki sa injin ya ba ki labarin gari, Tsahara. Shi ma yana da baki."

Na yi ƙoƙarin tashi, gwiwoyi sunka ƙi.

"To maraƙin fa?" na ce.

"Ya samu uwa," in ji ta.

Ta ratsa zaure, ta fita, ta maka ƙofar langa-langar nan har ƙasa ta zubo daga bango.