Kwalbar da Na Zubar

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, duk tukunyar da za a ɗora don taro a layinmu na Limawa a nan Dutse, ni ake kira. Suna ne, biki ne, sadaka ce, sai an ce a je a gaya wa Hajiya Jaji. Ba na wasa a bakin murhu, kuma ba na son a yi. Matan unguwa sun san hali, in na iso kowacce sai ta gyara ɗaurin zanenta ta kama abin da ke gabanta.

Bana yaranmu uku suka dawo daga karatu a ƙasashen waje cikin wata guda. Sagiru ɗan gidan liman daga Sudan, Zakiyya daga Indiya, sai jikata Mashkura wadda ta yi shekara shida a ƙasar Sin tana karatun likita. Dattawan unguwa suka ce a yi walimar godiya ga Allah ran Asabar bayan la'asar, a filin Islamiyya. Yaran suka kawo tasu shawarar, wai kowannensu ya dafa abincin ƙasar da ya zauna, mutane su ɗanɗana abin da ya riƙe musu 'ya'ya a can. Ni ban so ba. Na ce a tuƙa tuwo, a kaɗa kuka, kamar yadda muka taso muka tarar. Aka rinjaye ni. Abin da na samu kawai, za a tuƙa tuwon a gefe saboda tsofaffi.

Mashkura ta fi sauran ɗaukar abin da zafi, kuma da dalili. Tun da ta dawo ake ƙananan maganganu a kanta. Wai Hausarta ta karye, wai a tsaye take gaisuwa, wai hannun da ya saba da allura ba zai iya riƙe muciya ba. Tana ji, ba ta tankawa. Amma ni na san wannan tukunyar ita ce amsarta.

Ran Juma'a da hantsi na shiga ɗakin ajiya don in share inda za a jingine buhunan shinkafa. A bayan randa na ga wata kwalba naɗe da tsumma, an ɗaure bakinta da leda. Rubutun jikinta ba boko ba, ba ajami ba, kamar kaza ta taka tawada. Na kwance. Wari ya buge ni har sai da na kau da kai. Wasu abubuwa ne baƙaƙe a yamutse, kamar kashin awaki. Na ce a raina, yarinyar nan tsarabarta ta ruɓe a hanya ba ta sani ba. Lokacin tana gidan su Zakiyya, ban kuwa jira ta ba. Na kai juji na juye, na zuba toka a kai kada dabbobi su ci, na wanke kwalbar tas na cika ta da gishiri. Har ina yaba wa kaina, kwalba mai kyau ba ta tafi a banza ba.

Asabar tun da sassafe tsakar gidana ya cika, murhu shida a jere. Sagiru ya tsaya a zaure yana aiko wa mahaifiyarsa bayani: manyan wake ne, a dafa har su yi lugub, a dandaƙa, a zuba man riɗi da albasa da tumatir. Zakiyya kuwa hawa-hawa ta jera tata, nama a ƙasa, shinkafa a sama, ta liƙe murfin tukunyar da kwaɓin fulawa. Ta kwashe muciyoyin da ke kusa ta ɓoye, ta ce ta san mu, in ta juya baya sai mun tuƙe mata shinkafa.

Mashkura ta yanka naman sa siri-siri kamar za a yi kilishi, ta murza taliyarta da hannu. Sannan ta shiga ɗakin ajiya. Ta fito. Ta sake komawa. Da ta fito karo na biyu ta nufo ni.

"Hajiya Kaka, ba ki ga wata kwalba a bayan randa ba?"

"Wace iri?" na ce, alhali tun kafin ta rufe baki na gane wadda take nufi.

Idonta ya riga ya kai bakin murhu, inda Hamida maƙwabciyarmu ke ɗiban gishiri. Ta je ta ɗauki kwalbar, ta leƙa ciki, ta juyo ta dube ni.

"Ina abin da ke ciki?"

Ban taɓa yi wa yaro ƙarya ba, ba kuma ranar zan fara ba. "Ya ruɓe. Na zubar jiya."

"Bai ruɓe ba, Hajiya Kaka. Haka yake."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a kan turmi da kwalbar a cinyarta, ta ce wata tsohuwa ce ta yi mata shi da hannunta, mahaifiyar ƙawarta, Musulmi ne, a gidansu take shan ruwa duk azumi. Shi ne ran girkin. In babu shi, nama ne kawai da taliya.

"Ba a samu a kanti?" na tambaya.

"A Dutse? Ko Kano sai an sha yawo, kuma ga rana ta ɗaga." Ta miƙe ta ajiye kwalbar. "Ba komai. A ba Zakiyya naman ta san yadda za ta yi da shi. Ni zan taya wanke-wanke."

Na ga Hamida ta taɓe baki ta kalli ta kusa da ita. Na san unguwarmu. Kafin magariba labarin zai zama likita ta kasa girki, ba wanda zai ce tsohuwa ce ta zubar mata da kaya. Da hannuna na janyo wa yarinyar abin da take gudu.

Na ce ta biyo ni ɗaki. Ta shigo ta tsaya jikin ƙofa.

"Zauna. Yaya ake yin abin nan?"

"Me zai ƙara yanzu?"

"Tambayarki na yi."

Ta zauna a bakin gado. Ta ce waken suya ne, irin baƙin. A jiƙa, a dafa har ya yi laushi, a tsane shi, a lulluɓe a ɗaki mai ɗumi kwana da kwanaki har ya fara wari. Sannan a sa gishiri da citta, a shanya.

"Sake faɗa," na ce.

Ta sake. Na bi maganar daki-daki da yatsuna: dafawa, lulluɓewa, wari, shanya.

"Ke, wannan ai daddawa ce."

"Wace daddawa kuma?"

"Daddawa dai da kika sani. Shekara shida kina cin daddawa a ƙasar mutane ba ki gane ta ba."

Ta dube ni, na ga dariya na neman ƙwace mata duk da idonta ya yi ja. "To ke da kika shekara saba'in kina cinta ai kin gane ta, shi ya sa kika kai ta juji."

 Na janyo kwanon daddawata na miƙa mata.

Ta gutsura ta sansana, ta girgiza kai. Ta ce tawa ta kalwa ce, ƙarfinta ya yi yawa, kuma an riga an daka an mulmula. Ita ta wake take bukata, ƙwaya-ƙwaya.

Mutum ɗaya ce a unguwarmu ke yin daddawar waken suya: Malama Alheri, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda mijinta ke koyarwa a nan shekara ashirin. Shekara uku da suka wuce ta kawo gudummawar daddawarta wani gidan suna, na mayar mata a gaban mata, na ce wannan ba ta shiga tukunyar mutunci. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da aike na yi, na san za ta bayar, amma ba haka ya kamata ba. Na yafa mayafi na fita da ƙafata.

Na same ta tana shara. Ta jingine tsintsiya ta rusuna.

"Mama, da kanki? Lafiya dai?"

"Lafiya. Daddawarki nake so."

"Tawa? Ta wake?" Ta karkata kai. "Wadda ba ta shiga tukunyar mutunci?"

"Ita."

"Ko tukunyar ce ta rage mutunci, Mama?"

"Na faɗi maganar, kuma ban kyauta ba. In za ki rama ki bari sai gobe. Yau jikata ce a tsakiya."

Na ba ta labari a taƙaice. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma na tsaya na bar ta, don ta cancanta. Da ta gama ta ce Allah ya taimake ni, akwai wadda ta kwance shekaranjiya, tana shanye a kan buhu a bayan ɗaki, ba ta kai ga dakawa ba. Ta kwaso cikin kwano, ta ɗauki gyalenta.

"Ina za ki?" na ce.

"Zan bi daddawata in ga tukunyar da za ta shiga."

Da muka iso gida Mashkura ta ɗebo a tafin hannu ta sansana, ta daɗe, sannan ta tauna ƙwaya ɗaya. Ni dai ina tsaye ina kallon bakinta kamar mai jiran hukunci.

"Ta yi kusa," ta ce. "Gishiri babu, kuma ba ta yi baƙi ba."

"Baƙi ai aikin wuta ne," in ji Malama Alheri. "A soya ta a man gyaɗa, wuta kaɗan-kaɗan."

Haka aka yi. Na daka citta da tafarnuwa da kaina, aka cuɗa waken da gishiri, aka bar shi ya ɗan tsumu yayin da aka yi azahar. Ta farko da muka soya ta ƙone ta yi ɗaci, muka zubar. Ta biyu na janye itace biyu daga murhun na tsuguna ina lura da wutar, aikin da rabona da shi tun ina amarya. Mashkura ce ke ba da umarni, ni ina bi. Ta ce a ƙara wuta, na ƙara. Ta watsa naman, ya yi ƙara, ta juya shi da sauri, ta zuba tattasai da albasa mai lawashi, sannan baƙin waken. Ƙamshi ya tashi, wanda rabinsa na sani rabinsa baƙo ne. Matan da ke sauran murhu suka daina surutu.

Ta ɗebo a cokali ta hura ta kai baki. Ta rufe ido.

"Yaya?" na ce.

"Ba shi ba ne." Ta sake ɗanɗanawa. "Amma ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Zan iya kai shi gaban mutane."

Sai a lokacin na ji gwiwoyina suna ciwo. Na dafa bango na miƙe. Kafin a fara kwashe abinci na tsayar da matan gaba ɗaya, na ce su saurara. Na ce abin da yarinyar nan ta ɗauko daga ƙasar Sin ni na zubar da shi saboda rashin tambaya, abin da ke cikin tukunyar nan kuma daddawar Malama Alheri ce ta cece shi. Wadda za ta ba da labari ta bayar da shi haka. Na kalli Hamida. Ta ce ita ai ba ta ce komai ba. Na ce na sani, shi ya sa na riga ta.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a filin Islamiyya, maza gefe, mata gefe. Liman ya yi addu'a, aka jera farantai. Waken Sagiru ya sami karɓuwa wajen matasa, suna dangwala da burodi. Shinkafar Zakiyya da aka ɓalle murfinta kowace ƙwaya a tsaye take, har wasu tsofaffi suka ce ba ta dahu ba, amma suka cinye. Ni ban zauna ba. Ina tsaye a bakin katanga ina bin farantan Mashkura da ido. Na ga an fara taɓawa da yatsa biyu, kamar ana tsoro. Can sai na ga hannuwa sun nutsa.

Wani dattijo daga Kiyawa, ƙanin liman, ya aiko a tambaya ko gaskiya ne wannan abincin Sin ne, don shi daddawa yake ji. Mashkura ta je ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, su ma suna da tasu." Ya jinjina kai ya ce ashe mutanen kirki ne. Ya miƙo farantinsa a ƙara masa.

Hamida da kanta ta zo da kwano tana tambaya ko da saura ta kai wa maigidanta. Babu. Tukunyar har an suɗe ta da burodi. Tuwona ne ya yi kwantai, rabin tukunya, kuma ban taɓa jin daɗin ganin abincina ya ragu ba sai ranar.

Da mutane suka fara watsewa na sami kujera 'yar tsugunno na zauna. Mashkura ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, duk jikinta warin hayaƙi, ta jingina kanta da gwiwata.

"Kin gaji, tsohuwa."

"Ɗaga mini ƙafa, likitar banza, ciwo take."

Ba ta ɗaga ba, ni ma ban ture ta ba.