Zoben da ke Cikin Kalolaine

Ƙiba ta kai Kalolaine inda gwiwoyinta suka gaza ɗaukarta, shi ya sa likitocin birnin Auckland, inda take zaune, suka ɗaure mata bakin tumbi da zoben roba. Sun bar wata 'yar mahaɗa a ƙarƙashin fatar cikinta, inda ake tsira allura a ƙara wa zoben ruwa ya matse, ko a rage ya saki. Ba a daɗe da ƙara matse shi ba mahaifinta ya rasu a tsibirinsu, can arewacin Tonga. Ta tafi jana'iza, ba ta gaya wa kowa abin da ke cikinta ba.

A gidan makoki gwaggonta Sisilia, wadda ba a yi mata musu, ta ƙare mata kallo ta ce Auckland ta tsotse 'yar ƙanenta. Ta gutsuro gwaza da hannunta ta miƙa mata. Kalolaine ta haɗiye. Lomar ta tokare mata ƙirji kamar dutse.

Tun daga ranar, ko ruwan kwakwa ta sha sai ya dawo. Teku kuma ya hargitse, jirgin ruwa ya kasa zuwa. Haka ta kwanta kan tabarma cikin baƙaƙen kaya, leɓe a bushe, ƙamshin gasasshen alade yana shigo mata ta taga.

Da ta galabaita aka kai ta wurin Manase, ma'aikacin jinyar tsibirin, wanda bai taɓa ganin irin zoben ba. Ya kira likitanta a waya, likitan yana kwatanta masa, shi kuma yana laluben mahaɗar da yatsa.

"'Yar'uwa, in na huda ba daidai ba fa?"

"Huda kawai, Manase. Ko yawu ba ya wucewa."

Ya tsira allura, ya zuƙe ruwan zoben kaf. Ta kurɓi shayi, ya zauna mata a ciki.

Ashe Sisilia tana bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wato ɗaure ki suka yi kamar bakin buhu, kika yarda."

Da jirgi ya iso, Sisilia ta ce Kalolaine ba ta zuwa ko'ina sai an gama zaman makoki, ta ba wani jikanta gurbin Kalolaine a jirgin. Kalolaine ta ce to. Da yamma aka ajiye mata faranti a gaba, yunwar da ta manta da ita kuwa ta riga ta farka, tun da zoben ya saki.