Kausara Ta Iya Gaisuwa

Kausara ba ta zo Tamale don wankin tukunya ba, amma da shi ta cinye shekararta ta farko a jami'a. Daga Zangon Kumasi aka kawo ta unguwar Sakasaka, gidan Goggo Mulikatu ƙanwar babanta, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi. Goggo ba muguwa ba ce, a yi mata adalci. Mace ce dai da ba ta iya ganin mutum zaune. Kausara ta buɗe littafi, a ce karan dafin rina shinkafa ya ƙare, ta ruga kasuwa. Ta zauna rubutu, a ce masu saye sun yi layi. Da sakamako ya fito, makaranta ta ja mata kunne cewa in ta sake irin wannan faɗuwa, ta tattara nata ya nata.

Ta yi wa babanta kuka a waya har ya sakko. Ya ce ta nemi ɗakinta kafin a koma karatu, in kuwa aka koma ba ta samu ba, ta zauna wajen goggonta, magana ta ƙare.

Ita kuwa sai ta bazama. Gidajen kwanan ɗalibai na kusa da makaranta duk an cinye su tun ana hutu. A unguwar Choggu wani dillali ya kai ta wani ɗaki da in ka kwanta kana hango sama ta rufin, yana ta rantsuwa wai iska ce ke da daɗi a wurin. Wani ɗakin kuma famfonsa ya manta kalar ruwa. Ta bar dillalai ta koma bin gidaje da ƙafarta. Ta faɗa tsakar gida, sallama a gurguje, ido a kan ƙofofi.

"Akwai ɗaki?"

"Babu."

Haka nan gida bayan gida. Abin da ke ƙona mata rai, sau da yawa tana ganin ɗakin da idonta, ga kwaɗo ya yi tsatsa, ga yanar gizo a taga. Ta daina cin abinci sosai, ga ranar komawa makaranta tana ta matsowa.

Najat, 'yar ajinsu, Badagomba haifaffiyar garin, ita ta ɗauke ta a babur wata safiya. Gida ɗaya kawai suka shiga tare, na wani tsoho, suna fitowa Najat ta riƙe ciki tana dariya, ta saki Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Kausara, kai fa ka tsaya a kan tsoho kamar sandan wutan lantarki! Wane ne zai ba ka ɗaki? Nan ba Kumasi ba ne."

"To me na yi? Na yi sallama ai."

"Sallama? Nan durƙusawa ake yi, har ƙasa. Shi ke tambaya, kai kana cewa naa. Gida, naa. Hanya, naa. Sanyi, naa. Kar ka tashi, kar ka yi maganan ɗaki sai an tambaye ka abin da ya kawo ka."

Haushi ya kama Kausara, don ta tuna ɗakuna masu kyau da suka wuce ta a kan gwiwa kawai. A bayan babur ta dinga maimaita naa, naa, kamar mai haddar karatu, har suka isa unguwar Nyohini, gidan wata dattijuwa da ake kira Mma Azeta, wadda Najat ta ji an ce tana da ɗaki.

Gidan shiru, share tas, ga bishiyar mangwaro, ga tankin ruwa cike. Ɗakin yana can kusurwa, tagarsa na kallon inuwa. Kausara ta hango shi, amma ta kau da ido, ta cire takalmi, ta zube a gaban tsohuwar. Ta yi naa. Ta sake yin naa. Aka kawo ruwa ta karɓa da hannu biyu, ta kurɓa, ta koma ta durƙusa. Najat ta gama tata gaisuwar ta samu kujera, ita tana nan ƙasa, gwiwoyinta na zafi, ta ƙi motsi. Da tsintsiya ta faɗi kusa da ita ma, caraf ta ɗauke ta jingine.

Mma Azeta ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya harshe daga yaren Dagomba zuwa Hausa.

"Wannan yarinya, wa ya haife shi? Yaran makaranta na yanzu ba su gaisuwa haka. Me ya kawo ka, ɗiyana?"

Kausara ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Tsohuwa ta kwance bakin zanenta, ta ciro mabuɗi ta danƙa mata a tafin hannu, ta rufe hannun da nata.

"Ɗaki naka ne. Mutane da yawa sun zo, na ce babu. Ni ba ɗan haya nake so ba, mutum nake so. Ba zan karɓi haya a hannunka ba. Daga yau kai ɗiyan gida ne."

Najat ta rangaɗa guɗa. Kausara ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ta fasa. Ta san ɗiyar gida, ta san abin da take yi daga asuba zuwa isha. Ta so ta ce, Mma, a bar ni in biya, in shiga ɗaki in ja ƙofata. Amma ta yaya za ta faɗi haka tana durƙushe, hannunta cikin hannun tsohuwa, idon tsohuwar ya kawo ruwa don murna?

"Naa," in ji ta.

Ta miƙe da ƙyar ta nufi ɗakin, ko da leƙa shi ne ta yi. Ba ta kai ga sa mabuɗi a kwaɗo ba, kukan jariri ya tashi daga ɗakin tsohuwa.

"Yawwa, ya farka," in ji Mma Azeta. "Jikana ne, uwansa yana aiki a asibiti, sai yamma. Bayana ya gaji, wallahi. Allah ne ya kawo ka. Zo, juyo."

Kausara ta juya baya, ta sunkuya. Aka ɗora mata yaron, aka miƙo zanen goyo. Ta rasa inda za ta ajiye mabuɗin, sai ta cije shi a haƙori, ta ɗaure zanen da hannu biyu.