Jallabiyar Mutumin Sabha

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara Gwadabe ya bar Katuru, ya bi motocin Agadas har garin Sabha na ƙasar Libiya. Da kaftaninsa na shadda da hula kube ya sauka, kuma su suka riƙa tona masa asiri. Ko kasuwa ya leƙa, sai 'yan sanda sun tare shi suna neman takardu.

Tsohon da yake yi wa aiki a gidan burodi ne ya tausaya masa. Wata rana ya miƙo masa ƙullin kaya: farar jallabiya, baƙar falmaran da jar dara.

"Na ƙanena Miftahu ne," in ji tsohon. "Ba ya bukatarsu yanzu."

Gwadabe bai tambayi dalili ba. Garin cike yake da baƙaƙen 'yan ƙasa, yana sa kayan kuwa ya saje da su, ba wanda ya ƙara tare shi. Sai dai tsofaffin unguwa suka fara gaishe shi da sunan Miftahu, bakinsa kuma yana amsawa tun kafin ya yi tunani. Ya shiga lungun da bai taɓa bi ba, ya ga ya san inda zai ɓulle. Wata la'asar ƙafafunsa suka kai shi ƙofar wani gida mai koren ƙyaure. Matar da ta buɗe ta dube shi, ta saki kwanon hannunta, ta ɗora hannu a ka. A ranar ya ji cewa gidan Miftahu ne, wani mai jan ƙafa da ya daɗe da rasuwa, daga rijiya aka tsamo shi.

Bai ƙara sati a garin ba. Amma kayan, ya kasa barinsu.

Ya sauka Kaura Namoda ana tsakiyar murnar Shari'a, samari kowa da jallabiyarsa, 'yan kabu-kabu har "ustazu" suke ce masa. Mahaifiyarsa Uwani ce kaɗai ta tsaya tana kallonsa lokacin da ya shigo gida a Katuru.

"Gwadabe, yaushe ka hwara jan ƙahwa? Wagga tahiya ba taka ba ce."

"Gajiyar hanya ce, Inna."

Ta ɗauko masa tsohon kaftaninsa daga adaka. Yana sawa ya hau makyarkyata, ga shi ana tsananin zafin bazara, dole ya tuɓe ya mai da jallabiyar. Sai ta yi ta kiran sunansa a tsakar gida har ta gaji bai waiga ba.

Ran nan da hantsi ta je ɗibar ruwa, ta tarar da shi a bakin rijiyar bayan gari, ya riga ya zura ƙafa ɗaya ciki. Ta cafke kafaɗarsa tana salati. Bai taɓa ruwa ba, amma jallabiyar sharkaf take, tana ɗiga, sanyi ƙalau.

"Mi kake nema nan?"

Ya dube ta kamar bai san ta ba, ya amsa mata da Larabci.

Washegari yana shiga wanka ta kwashe kayan. Liman ya yi addu'a a kansu, ita kuma ta tafi daji ita kaɗai ta binne su. Gwadabe ya kwanta ciwo damina guda, bai tashi ba sai da aka yanke gero. Ya warke, ya daina jan ƙafa, ya sayi babur yana ɗaukar fasinja tsakanin Shinkafi da Galadi.

Ya sha tambayar Uwani inda ta kai kayan, ta ce ta manta. Da rani manoma sukan gan shi a gonakin da ba nasa ba, ya jingine babur, yana tsokalar ƙasa da sanda. In an yi masa magana sai ya ce kalar gyaɗa yake yi.